Gonar Wa Muke Saye a Bayan Shadawanka?

'Yan uwana mazauna Kurmi, musamman mutanen Bauchi da ke Sabon Ibadan da Agege da Shagamu da sauran zangogi. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga gara in faɗe ta ko da wasu za su ji haushi. Duk lokacin da labari ya zo mana daga gida cewa mutanen wani ƙauye a bayan gari sun kori safiyo, ko sun tuge duwatsun iyaka da aka kafa a gonakinsu, ko sun yi gayya sun tafi gidan hakimi suna cewa ba su yarda a gina rukunin gidaje a wajensu ba, abin da ke fara fitowa daga bakinmu shi ne: ƙauyawa ba sa son ci gaba. Mukan faɗi haka muna shan shayi, hankali kwance, kamar mu 'yan kallo ne. Alhali kuwa mu ba 'yan kallo ba ne a wannan rigima, domin kuɗin da ke tura katafila cikin gonakin nan, wani kaso mai kauri daga aljihunmu yake fitowa.

Bari in fara da wurin da na sani. Yau idan ka ce wa mutumin Bauchi Shadawanka, abin da zai zo masa a rai shi ne barikin soja, mazaunin Birged ta 33 ta masu manyan bindigogi. Dangin mahaifiyata kuwa mutanen wani ƙaramin ƙauye ne a can bayan wannan yanki, ɓangaren hanyar Jos, kuma a can nake yin hutun makaranta ina yaro. A wancan lokaci idan ka wuce bariki ka bar gari ke nan, sai gonakin dawa da gyaɗa da duwatsu, sai itatuwan ɗorawa da kaɗanya, sai rugar Fulani nan da can. Garin da Malam Yakubu ya kafa a 1809 ya yi masa ganuwa, ya daɗe yana zaune cikin ƙofofinsa, su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai da Ƙofar Jahun. Amma tun da aka ƙirƙiro jihar Bauchi a watan Fabrairun 1976 garin ya zama hedikwata, sai ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka yi ta kwararowa, kowa kuma yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Yau ka bi hanyar Jos ka ga Wuntin Dada, ka ga Miri, ka bi hanyar Dass ka ga Yelwa da Gwallameji da Birshi, za ka rasa inda gari ya ƙare da inda ƙauye ya fara.

Shi filin bariki na gwamnatin tarayya ne, kuma tun bayan bam ɗin da ya tashi a kasuwar mami ta Shadawanka ranar 29 ga Mayu 2011, ba mai hankalin da zai ga laifin soja don yana tsaron iyakarsa. Ba wannan ne batuna ba. Batuna shi ne manomin da ya wayi gari a tsakiya: ta nan shingen hukuma, ta can gari yana tahowa da bulo da kwano, ga dillalai suna zagaye gonarsa kamar angulu ta ga mushe.

Mai karatu, kafin ka yanke wa wannan manomi hukunci, ya kamata ka san abin da doka ta tanadar masa, don da yawanmu muna sayen fili ba mu taɓa sanin ta ba. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Mu a Arewa abin bai zo mana baƙo ba, domin Turawa sun yi irin wannan doka tun 1910, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sabunta ta a 1962. An kuma cusa dokar ta 1978 cikin tsarin mulki, na 1979 da na 1999, wato gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki kansa. Abin da dokar ke nufi a aikace shi ne, gonar da kakanka ya sare daji ya yi, kai mai amfani ne da ita kawai. Gwamna na da ikon ya ayyana wani yanki a matsayin birni, kuma da zarar ya yi haka ƙauyenku ya fita daga hannun ƙaramar hukuma ya koma nasa. Yana kuma da ikon ya soke haƙƙin zamanka idan ana buƙatar wurin don amfanin jama'a, kuma tsara sabuwar unguwa na cikin abin da dokar ta kira amfanin jama'a.

To, ga inda gizo ke saƙar. Diyyar da doka ta yi magana a kai ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, ko shuka, ko itace mai amfani, ko wani aiki da ka zuba kuɗi ka yi. Ita ƙasar kanta ba ta cikin lissafi, tunda a ganin doka ba taka ba ce balle a saya daga gare ka. Akwai sashen da ya ce idan ƙaramar hukuma ta karɓe gonar mutum, sai ta ba shi wata ya ci gaba da noma. Magana ce mai daɗin ji. Amma a kewayen Bauchi ta yau, ina ƙaramar hukuma za ta samo gonar da ba ta da mai ita, wadda kuma tsoho zai iya takawa da ƙafa da fartanya a kafaɗa ya je ya dawo?

Na ga yadda wannan lissafi ke aiki a kan kawuna, ƙanen mahaifiyata. Wasu shekaru da suka wuce aka zo musu da batun wani kamfani da aka ba fili zai gina gidaje, gonarsa kuma ta faɗa ciki tare da ta maƙwabtansa. Da rani aka zo ƙidaya, lokacin da gona ba komai sai karan dawa, saboda haka babu shukar da za a rubuta. Aka ƙirga masa ɗorawa da tsamiya da mangwaro, aka rubuta a takarda, aka ce ya dangwala. Ya ƙi. Da na je gida na same shi a zaure na ce, “Kawu, tunda hukuma ta riga ta yanke, ba gara ka karɓa ba, kada ka tashi a tutar babu?” Ya dube ni ya ce, “Ɗan nan, kai ɗan kasuwa ne. Idan mutum ya zo shagonka ya ce zai biya ka kuɗin kanta da kujera, amma shagon da cinikin da kake yi a ciki ba su da farashi, za ka sa hannu?” Na ce a'a. Ya ce, “To ni gonar nan ce shagona, kuma ita ce fanshona, ita ce kuma abin da zan bar wa su Malam ƙarami.” Ban sami abin ce masa ba, har yau kuma ban samu ba.

Kawu ma yana cikin masu sa'a, don sunansa ya shiga takarda. Akwai waɗanda ba a ko tambaye su ba. Matan ƙauyen da ke tsintar ƙwaryar kaɗanya su yi man kaɗe, su roro ɗorawa su dafa kalwa su yi daddawa, da wannan suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, amma itacen na mai gona ne, shi za a biya. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina shekara ashirin, ba shi da ko sisi. Bafulatanin da burtalinsa ya bi ta wurin zuwa rafi, sai dai ya zo da shanu wata safiya ya tarar da katanga, daga nan kuma sai ya bi ta gonar wani, sai a ce rikicin manoma da makiyaya. Sannan ga maƙabarta. Abin da ya fi tayar wa tsofaffin ƙauyen hankali ke nan, fiye da kuɗi, domin a taswirar da aka nuna musu ba su ga inda aka ware ta ba, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin aka yarda a kewaye ta.

Yanzu mu yi ɗan lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fulotin da muke saye, ƙafa 50 da 100, bai wuce murabba'in mita 465 ba. Wato hekta ɗaya za ta ba da fuloti 21, idan kuma aka cire hanyoyi da magudanan ruwa sai a tashi da kamar 15 ko 16. Kowa a cikinmu ya san nawa dillali ke sa wa fuloti ɗaya a bayan Shadawanka ko Miri a yau. Ka ninka wannan sau 15, sannan ka ajiye shi kusa da kuɗin itatuwa goma sha wani abu. Manomin nan bai yi boko ba, amma yana da ɗa mai acaba a cikin gari wanda ke jin farashi kullum. Ya san abin da gonarsa za ta zama washegarin ranar da ta bar hannunsa. Idan ya tuge dutsen iyaka, wannan lissafin ne ke cikin kansa.

Kada a ɗauka ina cewa a daina gina gidaje. Wanda ya taɓa biyan haya a Bauchi, ko ya ga magidanci da mata da 'ya'ya shida a ciki da falo, ba zai faɗi haka ba. Gwamnatin Bala Mohammed da ta hau a 2019 ta ɗauko aikin gidaje 2,500 a masarautu shida tare da Family Homes Funds, aka ware 1,500 wa Bauchi a Dungal kan hanyar Jos, sauran aka raba wa Azare da Misau da Ningi da Jama'are da Dass. Kafin nan an yi gidajen lokos na tarayya da na jiha, an yi Tambari, an yi Gida Dubu. Duk waɗannan buƙata ce ta kawo su, kuma dole a kan wata ƙasa za a ɗora su, ba a sama ba. Abin da nake tambaya a kan kowane irin wannan aiki, na gwamnati ko na 'yan kasuwa, shi ne: gida nawa ne zai koma hannun wanda aka tasa? Gidan da ake sayarwa ta hanyar cire kuɗi daga albashi, ai an riga an cire manomi daga layi tun kafin a buɗe ƙofa, tunda shi ba ya karɓar albashi. Abin da yakan rage wa 'ya'yansa shi ne leburanci lokacin gini, gadi bayan an gama, matan kuma wanke-wanke a gidajen da aka gina a inda suke roron gyaɗa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, su ma mutanen ƙauye ba duka ne tsarkaka ba a wannan harka. Gonakin da suka fita ta hannun masu su sun fi waɗanda hukuma ta karɓa yawa, a iya abin da idona ya gani. Uba ya rasu, ba a gama sadakar bakwai ba magada sun kira dillali, an yi awon igiya, an yanka gona gunduwa-gunduwa ba hanya ba kwalbati ba filin makaranta. Kuɗin ya tafi a babur da ƙarin aure da kujerar Makka, bayan damina biyu mutum ya koma sayen masara da mudu. Akwai kuma mai unguwar da zai sa hannu a takardar fuloti ɗaya wa mutum biyu, wani lokacin uku, ya bar su su ƙarata a kotu. Wani ihun da ake yi ma na ciniki ne, ana ƙara kuɗi sai ya lafa. Amma ko wannan gaggawar sayarwa, idan ka bincika, tsoro na cikinta. Mutum ya ga abin da aka ba maƙwabcinsa da hukuma ta karɓe tasa, sai ya ce gara in sayar da hannuna tun kafin safiyo ya iso. Haka ake samun unguwannin da mota ba ta shiga, ruwan sama kuma ya rasa hanya sai ta cikin ɗakunan mutane.

Waɗanda suka manyanta za su tuna Bakolori. A 1980 manoman yankin Talata Mafara, a tsohuwar jihar Sakkwato, suka tare hanyoyin aikin dam saboda rikicin diyya da gonakin da aka karɓe musu, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da dama. Dam ɗin aikin ci gaba ne, ba wanda ya musa. Haka Abuja, da aka zaɓe ta a 1976, Gwarawa da sauran mutanen wurin har yau ba su daina maganar matsuguni da diyya ba. A duk waɗannan wurare tun farko an kira masu kuka da sunan maƙiya ci gaba, daga baya aka gane kukan na da tushe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce mu ne ba mu fahimci wannan kuka ba. Sabon Ibadan da nake zaune, a 1916 aka yanka ta aka ce Hausawa su koma can, kuma fiye da shekara ɗari bayan nan har yanzu akwai mai ce maka baƙo a unguwar da aka binne kakanka. Mutanen Legas sun ga Maroko a watan Yulin 1990, lokacin Gwamna Raji Rasaki, da aka sa katafila aka share gidajen dubban talakawa, wurin kuma ya koma unguwar masu hannu da shuni. Mun ga Shagamu a 1999. Mun ga kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, yadda mutum ya wayi gari da rumfa ya kwana ba shi da komai. Babu wanda ya kai mu sanin ɗacin a ce maka tashi, nan ba wurinka ba ne, ga takarda. Kuma wannan ɗacin ne ke sa kowannenmu da ya sami ɗan rara ya aika gida a saya masa fili, saboda ranar da ba a fata. Ba na zargin kowa da wannan, hankali ne. Amma mu lura, tsoron kada a tashe mu a Kurmi shi ne ke tayar da wani a bayan Shadawanka.

Wani abin takaicin kuma, yawancin filayen nan ba ma gina su. Mu zagaye da bulo layi uku, mu sa ƙofar ƙarfe, mu dawo Ibadan mu shekara goma. Ka tsaya a bayan ƙauyen su kawu da damina ka duba: kangaye ne jere, ciyawa ta fi mutum tsayi, macizai da 'yan shaye-shaye sun sami gida. Ƙasar da ke ba da buhunan dawa ta daina ciyar da kowa, kuma ba ta kwanar da kowa. Mai gonar na da yana wucewa ta gefen katangar zuwa gonar haya mai nisan tafiyar awa guda. Wasu masu filin ma ba sa yarda a shuka musu ko kuɓewa a ciki, wai kada a wayi gari manomi ya ce nasa ne. Malamanmu a nan zango sun sha karanta mana gargaɗin da ya zo a hadisi kan wanda ya ci ƙasar wani ko da taƙi ɗaya ce, mukan kuma girgiza kai mu ce Allah ya kiyaye, don a zatonmu da azzaluman masu mulki ake. Takardar da ke hannunmu mai hatimi ce, haka ne, amma hatimi ba ya gaya maka ko an biya marayun da ke cikin gadon, ko an tambayi matan gidan da su ma magada ne.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma ba daga Ingila za a ɗauko ta ba. A Kano an daɗe da sanin tsarin da idan hukuma ta yanka gonaki ta yi sabuwar unguwa, sai a ba mai gona wani kaso na fulotan da aka fitar. Tsarin na da nasa matsalolin, ana kuma kuka da shi, amma aƙalla mai gona na cin moriyar tashin farashin, ya sayar da ɗaya ya gina ɗaya ya ajiye wa 'ya'ya ɗaya. Da abin da aka kawo wa kawu ke nan, na tabbata da an sha shayi an tashi lafiya. Mutumin da ke da fuloti a cikin sabuwar unguwa ba zai tuge dutsen iyakarta ba.

Dalilin da ya sa na tayar da maganar a yanzu shi ne, ƙungiyarmu ta 'yan asalin Bauchi a nan ta fara tara kuɗi don a sayi babban fili a wannan yanki a yanka wa mambobi, an ma aiko da taswira ana ta zaɓen kwana. Na ga fulotai da lambobinsu, na ga masallaci, ban ga sunan ƙauyen da ke wurin ba. A zaman da za a yi bayan Sallah zan nemi a tura mutum uku su je da ƙafarsu, kada a tsaya a bakin dillali. Su zauna da masu gonakin da dukkan magada, maza da mata, a gaban dagaci da limamin garin, su ji ko kowa ya yarda kuma ya karɓi haƙƙinsa. Su tambayi inda burtali da maƙabarta suke a sa su cikin taswira tun yanzu. A ware wa masu gonakin fulotai a ciki, ko da zai sa namu su ragu. Sannan duk wanda ba zai fara gini cikin shekara biyu ba, ya bar mai gonar ya ci gaba da nomawa, a rubuta yarjejeniya kowa ya riƙe kwafi don kada tsoron ƙwace ya hana. Alhajin da ke riƙe da asusu ya riga ya gaya mini cewa wannan zai ƙara tsada kuma zai jawo jinkiri, na ce masa na sani. Kuɗina na nan a hannunsa, amma na roƙe shi kada ya sa sunana a kan kowace lamba sai mutum ukun nan sun je sun dawo.